Baƙo a Birnin Uwarsa

SHAFI NA 9

Assalamu alaikum. Masu aiko mini da saƙo cewa na cika jan rai, na ji ku. A zamaninmu yaro ba ya ce wa babba yi sauri. Amma tunda kun matsa, ku gyara zama.

Mun tsaya inda Dakta Ɗalha, likitan idon nan da ya haura shekara ashirin a Ingila bai tako Kano ba, ya sauka hutu tare da 'yarsa Bahijja. Ya kama ɗaki a wani otal a Nasarawa, ya kashe wayarsa ya jefa cikin akwati. Bai sanar da kowa ba a gidansu na Sheshe, inda mahaifiyarsa Hajiya Dije take zaune da ƙaninsa Isyaku.

Ranar da suka kwana uku a gari, sassafe ya same su a kan Dutsen Dala.

Birnin na shimfiɗe a ƙarƙashinsu, rufin kwano da rufin ƙasa sun cakuɗe, hayaƙin masu ƙosai na tashi daga lungu-lungu. Malam Mikail, mutumin da otal ya haɗa su da shi domin ya zaga da su gari a motarsa, yana ta bayani da hannu biyu.

"Can Gwauron Dutse ne. Can kuma ragowar ganuwa, wadda mutane suka cinye da gini. Alhaji, ni fa kunya nake ji. Hausarka ta cikin badala ce, ta 'yan birni. Ni da na saba nuna wa Turawa gari, yau na ɗauko wanda ya kamata ya nuna mini. Wace unguwa ce taku?"

"An daɗe," in ji Ɗalha.

Bahijja ta sauke wayar da take ɗaukar hoto da ita. Budurwa ce 'yar jami'a, a can aka haife ta, Hausarta kuma ta bakin ubanta ce kaɗai.

"Baba, ina gidan Kaka daga nan?"

Ya ɗaga yatsa ba tare da ya nema ba. "Kin ga hasumiyar babban masallaci? Ki dawo dama da ita, ki matso nan kusa."

"To me ya sa muke kallonsa daga sama kamar shaho?"

"Gobe za mu je."

"Jiya ma gobe ka ce."

"Ba a faɗa wa tsohuwa haka kawai. Sai an huta, an sayi abin riƙewa."

"Tsoronta kake ji?"

Ya gyara zaman baƙin tabarau ɗinsa, ya ce su sauka kafin rana ta yi zafi.

Bari in tsaya a nan in yi wa yaran yanzu bayani, domin na san akwai masu karanta wannan da ba su tashi a irin gidajenmu ba. Tun kaka da kakanni, mace mai kunya ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta zama hira da shi, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane. Da an yaye shi sai a miƙa wa wata ta riƙe. Haka aka yi wa Ɗalha, aka ba wa ƙanwar ubansa, Gwaggo 'Yardada, a cikin gida ɗaya. Hajiya Dije kuwa tun ranar suna ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinta. "Ɗan Gwaggo" take cewa.

Ɗalha ya san wannan sarai. Amma da mahaifinsa Malam Nata'ala ya rasu, takardun zama suka hana shi zuwa, sai wani abu ya shige masa zuciya. Duk sanda ya buga waya, Isyaku ya kai mata ɗaki, abin da yake jiyowa daga nesa shi ne, "Ka ce wa ɗan Gwaggo ina lafiya." Zaman wata ƙasa ya koya masa auna shiru da mudun mutanen can. Sai ya fassara kunya da fushi. Shekara ta bi shekara, nauyin zuwa yana ƙaruwa.

Wannan ne ya sa mutum ya zo garin da aka binne cibiyarsa, yana kewaya gidan uwarsa da mai yi masa jagora.

Da suka sauka, Malam Mikail ya ce kafin a wuce marina sai an nuna wa yarinya Ƙofar Mazugal, tunda ga ta kusa. Ya ajiye mota a gefen titi. Yana cikin lissafa ƙofofin gari, sai hayaniyar titi ta ragu. Masu adaidaita sahu suka ja gefe. Mai rake ya ajiye wuƙarsa ya miƙe tsaye.

Jana'iza ce tafe daga cikin gari, a ƙafa, jama'a sun cika titi.

Bahijja ta ɗaga waya. Ɗalha ya dafe hannunta.

"Ba a ɗaukar hoton gawa."

"Me ya sa suke sauri haka?"

"Haka ake yi. Ba a jinkirta mamaci. Kin ga yadda suke karɓa-karɓa? Duk namijin da makara ta wuce ta gabansa yana iya sa kafaɗa ya taka kaɗan, ko ya san mamacin ko bai sani ba. Lada ne."

"Kai ka taɓa yi?"

"Ina saurayi, ba adadi."

"To ka yi mana yanzu."

Sai ya cire malafar da ya saya a gindin Dala ya miƙa mata, ya kutsa cikin mutane. Wani dattijo ya zame masa, ya sa kafaɗar dama a ƙarƙashin makarar ta baya.

Ba ta da nauyi ko kaɗan. Abin da ya fara lura da shi ke nan.

Ya tambayi wanda ke gefensa a hankali, "Wa ya rasu?"

"Wata tsohuwa ce, daga cikin gari."

"Allah Ya ji ƙanta, Ya sa ta huta."

"Amin."

Ya taka da su har suka fita ƙofar. Sai ya ji an taɓa kafaɗarsa, wani na jiran karɓa. Ya zame. Da a ce ya bi sawun magabata, da ya raka ta har bakin kabari, domin wanda ya fara aikin lada ba ya yanke shi a tsakiya. Amma ya waiga ya hango Malam Mikail yana nuna masa agogo, ga Bahijja tsaye a rana. Ya karkaɗe kafaɗarsa, ya koma mota.

"Baba, ka burge ni," in ji Bahijja.

Ya yi murmushi. Rabonsa da ya ji shi ɗan gari ne irin na wannan lokaci har ya manta.

Suka je marinar Ƙofar Mata. Bahijja ta tsuguna a bakin rijiyar baba tana kallon yadda ake tsoma farin yadi ya fito kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi. Ta zaɓi zane guda mai duhu ta ce na Kaka ne. Suka yi azahar a nan, suka ci abinci, suka shiga Kurmi. Ɗalha ya sayi carbi, da turare, da takalmin fata mai taushi irin na tsofaffi.

Malam Mikail ya karɓi ledojin yana dariya. "Alhaji, kai ne na farko da na gani ya taso daga Ingila ya zo Kurmi sayen tsarabar da zai kai wa Bakanuwa."

Bayan la'asar, a layin masu fata, Bahijja ta juya ga wani mai shago.

"Baba, don Allah ina ne Sheshe?"

"Sheshe? 'Yata, ai kin kusa taka ta. Bi nan ki miƙe."

Ta dubi ubanta. "Ni na tafi. In ka ga dama ka biyo ni, in ka ga dama ka jira goben."

Ta kama hanya. Ba shi da zaɓi, ya bi ta, Malam Mikail na biye da kaya.

Ƙafafunsa suka tuna abin da ya ɗauka ya manta. Kwanar masallaci, kwatar da ake tsallakewa, gidan mai ƙofar ƙarfe. Ya wuce gaba, ta koma bayansa. Yana tafe yana shirya maganar da zai yi: zai durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta, ba zai shiga ba, zai ce ga jikarki na kawo miki. In ta juya masa baya ma ya ji, ya dai gan ta.

Da suka sha kwanar ƙarshe sai ya ga tabarmi.

An shimfiɗa su tun daga bakin lungu, maza zaune a jere, takalma a gefe, butoci a jikin bango. Ba mai hira da ƙarfi. Ya ce a ransa maƙwabta ne. Ya bi tabarmin da ido yana neman inda suka tsaya. A ƙofar gidan Malam Nata'ala suka tsaya.

"Salamu alaikum."

Aka amsa. Idanu suka ɗago suna duban wandonsa da tabarau da mutumin da ke bayansa riƙe da ledoji.

"Wa ya rasu?"

Karo na biyu ke nan da ya yi wannan tambaya a yini ɗaya.

Wani mutum ya tashi daga jikin ƙofar. Gemunsa ya yi furfura, gwiwoyin wandonsa da bakin hannun rigarsa duk jar ƙasa. Sai da ya matso Ɗalha ya gane shi. Ya bar Isyaku yana saurayi mai koyon ɗinki.

"Yaya, shigo zaure," in ji Isyaku. "Ba a gaban mutane ba."

Ya dubi Bahijja. "Ke ce Bahijja? Wuce ciki wajen mata."

Ta wuce tana waige, zanen a rungume a ƙirjinta.

Zauren na nan yadda yake, da sanyinsa da dakalin da Malam ke zama. Isyaku bai ce ya zauna ba.

"Gwaggo ce?" Ɗalha ya tambaya. Allah Ya yafe masa, fata yake yi.

"Gwaggo na ciki."

"Isyaku."

"Hajiya ce. Yau da asuba."

Ɗalha ya nemi bango da hannu. Ya ce innalillahi. Ya zame ya zauna a ƙasa.

"Ba a gaya mini ba."

"Mun buga wayarka har muka gaji. Na tura mutane otal-otal."

"Otal? Wa ya ce muku ina gari?"

"Za a zo nan. Ni tambaya ɗaya gare ni, kuma ina so ka amsa mini tsakaninka da Allah. Me muka yi maka?"

"Ban gane ba."

"Na gan ka."

"A ina?"

"A Ƙofar Mazugal. Ina gaba, na waigo, sai na ga mai irin tafiyar Malam, mahaifinmu, a cikin mutane. Ko a cikin dubu zan gane tafiyar nan. Na ce alhamdulillahi, saƙo ya same shi, ya zo. Na ga ka sa kafaɗa. Ban yi magana ba, ba a kiran mutum a kan gawa. Na ce mu haɗu a bakin kabari."

Ɗalha ya ɗago kai a hankali. Hannunsa na hagu ya tafi kan kafaɗarsa ta dama.

"Muka isa, aka sauke. Liman ya ce 'ya'yanta su shiga su karɓe ta. Na ce a dakata, babbanmu na nan. Na juya ina cewa ina Yaya Ɗalha. Mutane na duban juna. Sai wani ya ce, in mai baƙin tabarau ne, ai ya karkaɗe kafaɗa ya shiga mota."

"Ban sani ba."

"Ba ka sani ba."

"Wallahi ban sani ba. Na tambaya. Aka ce wata tsohuwa ce."

"Ai ba a yi maka ƙarya ba. Wata tsohuwa ce."

"Na zaci lada nake nema. Yarinya nake nuna wa yadda ake yi."

Isyaku ya daɗe yana kallonsa. "Da ka ce mini da gangan ka yi, da ya fi mini sauƙi. Aƙalla da na ce fushi ne. Ashe kallo ka zo."

Aka ji ƙarar sanda a kan daɓe. Labulen ƙofar ciki ya motsa. Gwaggo 'Yardada ta fito, ta ranƙwafa har ta kusa ninkewa, hannunta ɗaya a kan sanda, ɗaya a wuyan hannun Bahijja. Idanun yarinyar sun yi ja. Har yanzu zanen na hannunta.

"Ina yake? Ba na gani sosai."

"Ga ni, Gwaggo."

Ta lalubo kansa, ta shafa furfurarsa. "Ka tsufa. Wa ya ba ka izinin tsufa ban gani ba?"

Nan kukan ya ƙwace masa. Ta bar shi ya yi. Isyaku ya juya fuska ga bango.

"An ce ka ɗauke ta," in ji Gwaggo.

"Ban san ita ba ce."

"Allah Ya sani. Ka yi mata addu'a?"

"Na yi."

"To ka ga. Wani ɗan ko wannan bai samu ba."

"Gwaggo, da fushina ta tafi?"

Tsohuwar ta ja tsaki mai rauni. "Fushi? Kai wane irin karatu ka yi a can? Matar da in an ce ka bugo waya sai ta sa a rufe rediyo, ta kasa kunne daga bayan ƙofa? Kunya ce, ɗan nan. Ita aka koya mana. Ni ma nawa na farin har ya koma ga Allah ban kira sunansa ba."

Ta nemi dakali, Bahijja ta zaunar da ita.

"Ta san kana gari. Ɗantani na gidan bayanmu, mai dakon kaya a filin jirgi, shi ya ɗora akwatinka a mota. Ya ga sunan Malam a jiki. Kafin magariba labari ya iso. Ba ta ce komai ba. Ta dai sa aka share ɗakinka. Ta tashi da kanta, ita da ta daɗe ba ta shiga madafa ba, ta kaɗa miyar kuka. Ta ce wai ita take sha'awa. Ita da kuka ke ɓata wa ciki."

"Na ce zan fita nemanka tun a ranar," in ji Isyaku, bai juyo ba. "Ta hana."

"Ta ce ɗan Gwaggo ya san hanya. Shekaranjiya aka ɗumama miyar. Jiya aka sake sabuwa. Ta yini a kan kujera tana fuskantar ƙofar nan, duk wanda ya yi sallama sai ta gyara mayafi."

Bahijja ta durƙusa a gaban ubanta. "Baba, jiya muna gidan tarihi."

"Na sani."

"Na ce maka mu zo."

"Na sani, Bahijja."

Gwaggo ta buga sandarta a ƙasa sau ɗaya. "Saura magana guda."

Isyaku ya juyo da sauri. "Gwaggo, bar wannan."

"Amana ce. Ba zan kai ta kabarina ba."

Ta juya fuskarta inda take jin numfashin Ɗalha.

"Da aka kira assalatu ta ce ƙirjinta. Na riƙe kanta a cinyata. Ta yi kalmar shahada. Sai ta buɗe ido ta ce, Ɗalha."

Gwaggo ta gyara riƙon sandarta, ta ci gaba.

"Na ɗauka kunnena ne. Shekara hamsin da ɗoriya muna gida ɗaya ban taɓa ji ba. Ta sake cewa, Ɗalha yana gari. Kada a sa ni a ƙasa sai ya zo."

Ɗalha ya dubi ƙaninsa. Sai yanzu ya fahimci jar ƙasar da ke hannun rigar, da abin da ya sa mutumin bai wanke ta ba.

"Na riƙe ta a gida tun asuba har hantsi," in ji Isyaku. "Malamai na ce mini ba kyau. Na riƙe ta a bakin kabari har rana ta take, tsofaffi na tsaye, ina cewa yanzu zai dawo, wataƙila alwala ya je. Uwata ba ta taɓa roƙona komai ba sai wannan. Da hannuna na saɓa mata. Ni kaɗai na shiga na kwantar da ita."

"Ka yafe mini."

"Ba ni ka yi wa ba."

Ɗalha ya miƙe yana dafa bango. Tabarau ɗinsa ya faɗi, bai ɗauka ba.

"Zan je wajenta. Yanzu, kafin rana ta faɗi. Ta ce sai na zo. Zan je in ce mata na zo."

"Je ka. Ka san ƙofar."

"Ban san kabarin ba."

"Sababbi sun fi goma a layin, duk ƙasa ɗaya. Ba mu sa alama ba. Malam ma ba a sa masa ba."

"To ka zo ka nuna mini. Isyaku, don girman Allah."

Isyaku ya taka zuwa ƙofar waje, ya ɗaga labulen. A can bakin tabarmi Malam Mikail na tsaye inda aka bar shi, ledar carbi da takalmin fata a hannunsa, ya rasa inda zai ajiye.

"Ai ka zo da mai nuna maka gari," in ji Isyaku. "Ce masa ya nuna maka kabarin uwarka."

Ya saki labulen, ya koma kan tabarma.